Farin Kallabin Hadiyya

Kallabin yana shimfiɗe a kan keken ɗinkinta, fari fat, jiƙe sharkaf, ruwa yana ɗiga daga gefensa zuwa siminti.

Ɗis... ɗis... ɗis...

Tabita ta ƙame a bakin ƙofar shagonta, ledar dambun da ta je saye tana hannunta. Tsakar rana ce ta bazara, irin ranar Yamai da ke kora har awaki ƙarƙashin motoci. An ɗauke kuran, wato wutar lantarki, tun hantsi, layinsu na unguwar Boukoki ya yi tsit, kowa ya shige inuwa. Ita dai ta san janyo ƙofar nan kawai ta yi ta fita, ba ta jima ba, kuma ba ta bar komai a kan keken ba.

Warin ne ya fara isa hancinta. Warin laka da gansakuka, warin bakin kogi.

Ta taka a hankali, ta kama kallabin da yatsu biyu ta ɗaga. Gefe ɗaya ya yi nauyi, ya rinjaya ƙasa. An ƙulle wani abu a ciki.

Dutse ne.

"Yesu...!"

Muryarta ba ta fita sosai ba. Ta dafa teburin yanka. A duk duniyar nan, a saninta, mutum biyu kaɗai suka san zancen dutse a cikin farin kallabi, ɗayar kuwa ta daɗe a kabari.

Ƙarar moto, wato babur, ta tsaya a waje. Ta yi wuf ta cusa kallabin cikin kwandon ƙyallaye, ta goge hannu a zaninta.

"Salama alaikun, masu shago!"

Yakuba ne, mai gyaran firji, saurayin da take so kamar ranta, wanda maganar aurensu ta kai gaban manya. Ya shigo da jakar kayan aikinsa a kafaɗa yana murmushi, amma yana ganin fuskarta murmushin ya gushe.

"Tabi tawa, mi ya same ki?"

"Rana ce, Yaya Yakuba."

"Ranar ce ta jiƙa miki keke?"

"Ruwan sha ne ya zube..."

Ya shaƙi iska, ya ɗan yamutsa fuska, amma bai ja maganar ba. Ya janyo benci ya zauna kusa da ita.

"Daga wajen Baba Fasto nike. Ya ce ranar Paki, in an gama sujadar tashin Almasihu, za a sauka kogi a yi baftisma. Ya tambayi sunanki, sheri masoyiyata. Kin san dokar ikilisiyarmu, ba a ɗaura aure sai ango da amarya duka sun yi baftisma."

Ta sunkuyar da kai.

"Ba za a iya yi mini a cikin majami'a ba? A zuba mini a ka kawai..."

"Haba Tabi! Yaushe kika ga mun yi yayyafi? Nutsarwa ake yi, kin fi kowa sani. Duk sa'o'inki sun yi tun suna 'yan mata, ke kaɗai kike zillewa kowace shekara. Bara kika ce zazzaɓi, waccan shekara kika tsere Maradi wajen mamarki. Innata har ta fara magana."

"Mi ta ce?"

Ya kawar da kai gefe.

"Ta ce wanda ke gudun ruwa haka, akwai abin da ke tsakaninsa da ruwa. Ta ce ba ta amince da auren ba sai ta ga ƙarshen wannan gudun."

Hawaye ya zubo mata, ɗumi. Ya kama hannunta da sauri.

"Kar ki yi kuka, ranki shi daɗe. Na san mutuwar Hadiyya ce ta sa miki tsoron kogi. Ƙanwata ce, ni ma har gobe ina jin ciwonta. Amma ni zan tsaya cikin ruwan nan da kaina, babu abin da zai taɓa ki."

Kaico, Yakuba! Mutumin kirki ne, kuma kirkin nasa shi ya fi komai yi mata zafi. Shi a zatonsa kewar ƙawa ce take damunta, ita kuwa ta san abin da ke kwance a kwandon da ke bayan ƙafarsa.

Ga yadda abin ya faru. Iyayen Tabita da na Yakuba duk mutanen Maradi ne, Kirista, aiki ya kawo su Yamai, suka zauna a unguwar Harobanda, ƙetaren kogi, katanga ɗaya tsakaninsu. Tabita da Hadiyya tare suka tashi, kwano ɗaya, benci ɗaya a lakwal, wato makaranta, layi ɗaya a mawaƙan yara. Wata shekara gab da Nowel, bikin haihuwar Almasihu, lokacin Yakuba yana Damagaram yana koyon sana'a, aka zaɓi Hadiyya ta ja waƙa a gaban jama'a. Tabita ta so a ce ita ce. Inna Salamatu, uwar Hadiyya, ta shiga Babbar Kasuwa ta sayo wa ɗiyarta farin kallabi saboda ranar, ta dalmaye bakinsa da hannunta.

Yarinya da sabon abu, ina haƙurin jiran Nowel! Hadiyya ta ɓoye shi cikin kayan wanki, suka sauka kogi da tsakar rana, lokacin da ruwa ya cika ya batse kamar yadda yake yi da sanyi. Ta ɗaura shi tana juyi tana rera waƙar, tana tsokana.

"Tabi, dube ni! Ke kuwa amshi za ki yi!"

Kishi ya rufe wa Tabita ido. Ta fizge kallabin, ta ɗauki dutse ta ƙulle a gefensa don kada iska ta maido shi, ta wurga iya ƙarfinta.

"Wayyo, Inna za ta kashe ni!"

Hadiyya ta faɗa ruwa. Ya kai mata gwiwa, ya kai ƙugu, ta miƙa hannu ta cafko farin abin kafin ya nutse, har ta juyo tana dariya. Sai ƙafarta ta faɗa rami. Tabita ta ga hannu ɗaya a sama, ta ga ruwa ya rufe, ta ga ya koma santsi kamar ba a yi komai ba.

Akwai masunta ba nisa, suna gyaran taru a inuwa. Ihu ɗaya da ya isa. Amma tsoron a ce ita ce ya shaƙe mata wuya, ta kwashe wankinta ta ruga gida. Da aka tambaye ta da maraice, ta ce tun a hanya suka rabu. Washegari masunta suka tsamo gawar. Wannan ihun da ba ta yi ba, shi take ɗauke da shi a maƙogwaro duk shekarun nan, ko bayan da iyayenta suka bar unguwar.

Ran Lahadi ta haye gada zuwa Harobanda, inda majami'arsu take, idanunta a rufe cikin taksi kamar kullum, har sai da ta ji tayoyi sun sauka ƙasa. Ranar Jibin Ubangiji ce. Tabita ba ta cikin masu ci tun da ba ta yi baftisma ba, daga baya take zama tana kallo. Dattawa suka zaga da gurasa da ƙananan kofuna. Da tiren ya iso gaban Inna Salamatu, tsohuwar ta dube shi, ta girgiza kai, ta miƙa wa ta kusa da ita.

Kowa a ikilisiyar ya san wannan. Tun rasuwar Hadiyya ba ta sake kai kofin bakinta ba, alhali ita ce uwar zumuntar mata, ba ta fashin sujada. An san koyarwar: wanda yake riƙe da wani a zuciya kada ya ci har sai ya saki. To wa take riƙe da shi? Wasu suka ce da kogi take fushi, wasu suka rage murya suka ce da Allah ne. Baba Fasto ya yi rarrashi har ya gaji.

Yau kuwa, bayan ta miƙa tiren, sai ta waiwayo. Idanunta suka tsallake benci bayan benci suka sauka a kan Tabita, suka zauna. Tabita ta kawar da ido.

Da aka tashi, ta zaga bayan majami'a wajen randuna don ta wanke fuska. Wata murya ta tare ta.

"Kin samu saƙona?"

Balkisa ce, shugabar mawaƙa, fara mai hushirya, wadda tun dawowar Yakuba daga Damagaram ta sa masa ido. Firjin gidansu kuwa ya sha lalacewa ba gaira ba dalili, har unguwa ta gane.

"Wane saƙo?"

"Fari. Mai nauyi a gefe."

Moɗa ta suɓuce daga hannun Tabita.

"Ke ce...?"

"Garkar babana, lambun nan nasa, tana bakin kogi, kin manta? Ina tsinkar ganyen salati ran nan. Na ga dutsen, na ga wurgin, na ga gudunki." Ta matso har Tabita tana jin turarenta. "Ki rabu da Yakuba, 'yar'uwa. Ki ce masa kin fasa, ki koma Maradi. In ba haka ba, kafin Paki shi da uwarsa za su ji wadda ta kashe musu yarinya."

Tabita ta daɗe tana kallonta. Abin mamaki, tsoro bai zo ba, wata tambaya ce ta zo.

"Balkisa... kin gani da idonki?"

"Ƙwarai kuwa."

"To ke mi ya hana ki yin ihu?"

Fuskar Balkisa ta canza nan take. Ta ja da baya, ta yi tuntuɓe da murfin randa, ta juya ta tafi da sauri ba ta waiwaya ba.

Tun daga ranar shagon ya daina zama shago. Tabita ta kai kallabin bola ta jefar, ta wanke simintin da sabulu, amma warin laka bai fita ba. Da safe lafiya lau, masu kawo ɗinki suna shige da fice. Rana tana take tsaka, layi ya yi shiru, sai ta fara jin ɗis... ɗis... a bayanta. In ta juya, babu komai. Ta sayi kwaɗo ta riƙa kulle ƙofa ko bayan gida za ta.

Ran Laraba ta dawo daga sayen zare, ta buɗe kwaɗon da hannunta. A kan simintin akwai sawun ƙafa, jiƙaƙƙe, ƙarami, na yarinyar da ba ta gama girma ba. Ya taso daga bakin ƙofa, ya zo gaban keken ya tsaya. Babu sawun fita.

Tana kallo zafin rana ya shanye shi, ɗaya bayan ɗaya.

Ta zaro waya, ta kira Balkisa.

"Ya isa haka! Ta ina kika shiga? Sawun wa kika sa mini?"

Muryar Balkisa ta zo, siririya, babu izzar ran Lahadi.

"Wane sawu? Ni kallabi kaɗai na ajiye, sau ɗaya, Allah shi ne shaidata. Tabita... ke ma kina ganinsu?"

Tabita ta kashe wayar. Ta durƙusa a inda sawun ƙarshe ya bushe, ta buɗe baki za ta yi addu'a, ta kasa. Tun tana ƙarama take jin ana cewa Almasihu ya mutu domin masu zunubi, ta rera shi a waƙa, ta koya wa yara. Amma a ranta ta yanke cewa wannan alherin na masu ƙananan laifi ne, masu ƙarya da gulma. Nata ya yi girma. Ta tabbata ranar da aka nutsar da ita a kogin nan, ba za a ɗago ta ba.

Da la'asar Yakuba ya zo da ledar kankana.

"Sheri, kin rame. Wallahi in kika ci gaba haka, rigar amaryar sai an rage ta."

"Zauna, Yaya Yakuba. Kar ka taɓa ni har in gama."

Ta faɗa masa. Ba ta rage komai ba, ba ta yi wa kanta ado ba. Kallabin, dutsen, hannun da ya ɗaga, masuntan da ke inuwa, ƙaryar da ta yi da maraice. Tana magana fuskarsa tana daskarewa.

"Kina nufin... da kin yi ihu..."

"Da sun tsamo ta."

"Kin zauna a tsakar gidanmu ranar makoki! Kin ci abincin sadakarta! Kin bar ni ina rarrashinki a kan mutuwar da..." Ya miƙe har bencin ya kife. "Na ce zan tsaya miki cikin ruwa. Ita wa ya tsaya mata, Tabita? Wa?"

"Ka gafarce ni..."

"Kar ki roƙe ni! Ban san ki ba!"

Moton ya tashi da ƙara, ya ɓace a kwana. Kankanar tana nan a ƙasa, ta fashe gida biyu.

Bai kira ba, bai zo ba. Ta yi kuka har idanunta suka kumbura, amma wani abu guda ta lura da shi: maƙogwaronta ya ɗan saki. Saura mutum ɗaya, wadda ta fi kowa haƙƙin ji.

Ran Juma'a Mai Tsarki, bayan sujadar tuna gicciye, ta bi Inna Salamatu daga nesa. Kowa ya san inda tsohuwar take zuwa da tsakar rana. Inna ta ratsa garake, ta sauka gangare, ta zauna a kan wani kifaffen jirgi a daidai inda aka tsamo ɗiyarta. Ruwa ya janye saboda bazara, yashi ya fito fari, babu kowa, ko tsuntsu ba ya kuka. Rabon Tabita da taka wurin nan tun ranar. Kowane taku sai ta ji kamar wani yana biye da ita, dab da dugaduganta, amma ba ta juya ba.

Ta zube a gaban tsohuwar, gwiwa biyu a yashi mai zafi.

"Inna, na zo in faɗa muku abin da..."

"Kin daɗe a hanya."

Tabita ta ɗago kai. Tsohuwar ba ita take kallo ba, ruwa take kallo.

"Faɗi dai. Ina son in ji shi da bakinki."

Ta faɗa, karo na biyu, cikin shessheƙa. Da ta gama, Inna Salamatu ta sa hannu cikin jakarta ta fito da wani tsohon ƙunshi. Farin kallabi ne wanda tsufa ya sa ya yi ruwan ƙasa, bakinsa da dalmiyar hannu. Gefe ɗaya a ƙulle.

"Ni na yi mata wanka," in ji ta. "Da ƙyar na ɓamɓare shi daga hannunta. Iska tana ɗaukar kallabi, amma iska ba ta ƙulla dutse. Kuma maraicen da kika ce kun rabu a hanya, na leƙa ta katanga, na ga rigar Hadiyya a igiyar shanyar uwarki. Garin sauri kin haɗa da kayanta."

"Tun ran nan... kun sani?"

"Tun ran nan."

"Mi ya sa ba ku tona ni ba, Inna?"

"Na so! Sau nawa na taso zan shiga gidanku in ja ki har gaban jama'a. In na kai ƙofa sai in gan ki, 'yar ƙarama, kin zama kamar gawa mai tafiya. In ce to in kashe wata uwar ma? In koma. Na ce zan jira ki zo da ƙafarki. Ban san jiran zai cinye mini rabin rai ba." Ta share ido da bakin mayafi. "Kin ga ina mayar da kofin Ubangiji. Ke nike riƙe da ke. Ba zan sha jinin da aka zubar don gafara ba alhali na hana ki tawa. Da ɗana ya zo ya ce ke yake so, na shiga ɗaki na ce, Ubangiji, wannan wace irin dariya ce kake yi mini?"

"Ban cancanci ku yafe mini ba."

"A'a, ba ki cancanta ba. Ni ma da na yi shekaru ina yi miki fatan abin da ba ya faɗuwa, ban cancanta ba. Wanda aka rataye yau a kan gicciye, ai ba don masu cancanta aka rataye shi ba, ɗiyata."

Ɗiyata. Tabita ta kifa kai a ƙafafun tsohuwar ta fashe da kukan da ta riƙe tun tana yarinya, da ƙarfi, har ya amsa a ƙetaren ruwa.

Inna Salamatu ta sa haƙori da farce ta kwance ƙullin da ya shekara da shekaru a ɗaure. Dutsen ya faɗo tafinta, ɗan ƙarami, baƙi. Ta kama hannun Tabita ta danƙa mata.

"Wannan naki ne. Ni na gaji da ɗaukarsa. Jibi ki shiga da shi ruwa, ki ba Wanda zai iya."

"Yaya Yakuba fa?"

"Ya zo mini da zancen yana huci, na ce masa na riga shi sani. Kwana yake yana juyi. Ban iya yi masa dole, tsakaninsa da Ubangijinsa ne."

Ranar Paki jama'a suka gangaro kogi da ganguna da kacau-kacau, matan zumunta cikin anko. Al'adar ikilisiyar ce samari su riga kowa shiga ruwa, su tattaka ƙasan da sanduna, sa'an nan su jeru su yi hanya har zuwa inda Baba Fasto yake tsaye. A bakin gaɓa kuma kowane mai baftisma yana da wanda zai tarbe shi da zani. Tabita ba ta da kowa, mamarta tana Maradi ba ta da lafiya. Ta tsaya a ƙarshen layi cikin farar riga, dutsen a dunƙule a hannunta. Can cikin mawaƙa ta hango Balkisa, bakinta yana motsi amma idanunta sun yi ja.

Aka kira sunanta.

Ruwan ya taɓa yatsun ƙafarta, sanyi ƙalau duk da zafin gari. Warin laka ya taso. Ta taka ɗaya, ta taka biyu, ya kai gwiwa. Sai ƙafafun suka ƙi. Kiɗan ya yi nisa a kunnenta, ba ta jin komai sai ɗis... ɗis... Ta tabbata ramin yana gabanta, yana jira.

Wani hannu ya miƙo daga layin samari.

"Taka nan."

Ta ɗaga ido. Yakuba ne, ruwa har ƙugunsa, ya rame, idanunsa sun faɗa.

"Babu rami, Tabi. Tun da safe nike dubawa, taku bayan taku."

"Yaya..."

"Ban gama jin zafi ba, kar in yi miki ƙarya. Amma na ce zan tsaya, ga ni. Zo, masoyiyata."

Ta kama hannunsa da na hagu, ya kai ta har gaban Baba Fasto. Dattijon ya tambaye ta ko ta gaskata Almasihu ya ɗauke zunubanta duka. Ta ji nauyin dutsen a tafinta.

"Duka, Baba?"

"Duka, ɗiyata. Bai bar ko ɗaya ba."

"Na gaskata."

Ruwa ya rufe kanta.

Shiru. Duhu mai ruwan ƙasa. A cikin shirun nan ta ji wasu yatsu sun kama wuyan hannunta na dama, ƙanana, masu sanyi. Ba na Baba Fasto ba ne, nasa suna bayanta da goshinta. Zuciyarta ta tsaya. Ta jira a ja ta ƙasa.

Ba a ja ta ba. Yatsun suka bi nata a hankali, suna buɗe su ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ake yi wa yaron da ya danƙe abin da zai cuce shi. Dutsen ya sulale. Yatsun suka ɗan matsa tafinta, suka saki.

Sai haske, sai iska, sai guɗa ta ɓarke a bakin gaɓa.

Ta fito tana tari tana kuka tana dariya, Yakuba yana riƙe da ita. A kan yashi, inda ba ta sa ran kowa ba, Inna Salamatu tana tsaye da zani a buɗe. Ta lulluɓe ta, ta goge mata fuska, sa'an nan ta zaro tsohon kallabin, wankakke, gogagge, ta ɗaura mata a ka da hannunta.

"An saye shi don a yi waƙa da shi," in ji ta. "Ranar aurenku za ki ja mana."

Tabita ba ta faɗa wa kowa zancen yatsun ba sai Balkisa, wadda ta same ta a bayan majami'a ta riƙe ta tana kuka, daga nan ta wuce ta durƙusa gaban Inna Salamatu ita ma. Shagon Boukoki kuwa bai sake warin laka ba.

Da yammar ranar ta Paki aka koma majami'a cin Jibi tare da sababbin masu baftisma. Tabita tana zaune a gaba karo na farko, kusa da Inna Salamatu, Yakuba yana can ɓangaren maza yana satar kallonta. Tiren ya zago ya iso gaban Inna Salamatu. Dattijon da ke riƙe da shi ya saba, har ya ɗaga ƙafa zai wuce.

"Tsaya mana, Malam," in ji tsohuwar. "Ina kake kai mini nawa?"

Ta ɗauki kofi biyu. Ta miƙa wa Tabita ɗaya, suka sha tare.